Wa Ya Shiga Rumbuna Daga Birmingham?

Sallama gare ku, jama'ar wannan shafi. Masu turo min saƙo kuna cewa, "Shifa, shiru haka, ko an sa rana ne?" ku yi haƙuri. Ba a sa ba. Abin da ya hana ni rubutu sati uku yau zan zazzage muku shi, duk da ni ce zan kwashi kunya a ciki.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Shifa Falalu, shekarata ashirin da bakwai, ina shekara ta uku a PhD a Manchester. Ina zaune a Ardwick, wani flat mai ɗaki biyu a hawa na uku, ni da Kaneng, 'yar Jos, nas ce. Iyayena suna Edgbaston a Birmingham. Abba likita ne, bara ya yi ritaya. Mami kuwa har yau ba ta yi ritaya daga maganar aurena ba.

Karatuna a kan taurarin da suke fashewa ne idan ajalinsu ya zo. Supernova ake ce musu. Idan tauraro ya fashe, sai mu tari haskensa da ƙaton madubin hangen nesa, mu tsaga shi launi-launi kamar bakan gizo. Abin da ya fito shi ake kira spectrum, wani zane ne mai hawa da sauka kamar na bugun zuciya a asibiti. In ka iya karanta shi, zai gaya maka abin da ke cikin tauraron, ƙarfe ne ko iskar hydrogen. Akwai wani shafi a intanet da masu irin aikinmu na duk duniya suke zuba waɗannan zane-zane, dubbai, kowa ya shiga ya ɗauka kyauta. Ni rumbu nake ce masa. Amma in naka sabo ne, ba ka gama rubutu a kansa ba, kana da damar kulle shi shekara guda, babu mai gani sai kai da 'yan ƙungiyarku.

Ina da guda bakwai a kulle, duk na tauraro ɗaya. A ofishinmu kowa yana yi wa nasa laƙabi, ni na sa wa nawa Barkono. Barkono ya fara babu ɗigon hydrogen a jikinsa, sai da ya kwana ɗari da wani abu, kwatsam ga shi ya ɓullo, layi ƙato a ɓangaren ja. Ba kasafai ake samun irinsa ba. Rabin kundin digirina a kansa yake.

Sai kuma Nazir. Injiniya ne, harkar network yake yi a Birmingham, ɗan wan wata ƙawar Mami. Wata takwas ke nan muna tare, kuma an tsayar kawunsa da sauran magabatansa za su zo wajen Abba ranar sha huɗu ga watan gobe. Dogo ne, baƙi, mai maganar a hankali, irin masu sa farar shadda su ɗora mata kwat ruwan bula saboda sanyi. Abin da ya sa na tsaya na saurare shi tun farko, shi kaɗai ne a cikin waɗanda Mami ta jajibo min bai ce, "Taurari kuma? Duba kike koya?" ba. Tambaya yake yi, ya kasa kunne, bayan sati ya dawo da wata tambayar a kan amsar da na ba shi. Ni kuwa, wayyo ni, sai zuba.

Ranar wata Litinin da safe, ko jakata ban ajiye ba Dakta Hannah, malamar da ke duba aikina, ta leƙo ta ce in same ta a ofis. Na tarar ta juya min fuskar kwamfutarta. Da Turanci muka yi maganar, amma ga yadda ta kasance.

"Karanta wannan," ta ce.

Takarda ce sabuwa da wasu masu bincike suka saka a intanet, mutum shida a ƙasashe uku. A kan Barkono. Sun ce sun gano hydrogen ya ɓullo masa, kuma wai da wani ƙaramin madubi nasu suka gani. Na daure na ce, "Sama ta kowa ce, za su iya gani."

"Duba hoto na biyu."

Na duba. A spectrum ɗina na biyar akwai wani ɗan ƙaho siriri da ya tsaya a gefen hagu. Ba daga tauraron yake ba, datti ne na na'urar ɗaukar hoto, wanda ya kamata in goge na yi ta ɗagawa. Ga shi nan a hotonsu, a daidai wurin, tsayinsa ɗaya.

"Wannan kuskurenki ne," in ji Hannah. "Ya aka yi kuskurenki ya shiga takardar wasu?"

Ta buɗe bayanan rumbu, inda ake rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya sauke. Sau biyar an shiga da sunana an sauke Barkono. Duk ranar Asabar, duk kafin azahar, duk daga Birmingham. Na lissafa a raina, huɗu daga cikin Asabar ɗin nan ina Ardwick ina wanki.

"Wa kika ba password?"

"Wallahi ban ba kowa ba."

Ta daɗe tana kallona. Ba kallon tsana ba ne, amma gara tsanar. Ta ce ranar Litinin ta sama ƙungiyarmu za ta yi taro, dole ta faɗa musu. In ba a san yadda abin ya fita ba, za a ɗauka ni na fitar, za a cire ni daga ƙungiyar, kuma Barkono ba zai shiga kundina ba. A gabana ta kwashe bakwai ɗin ta mayar ƙarƙashin sunanta. Na roƙe ta abu ɗaya: kada a canza password ɗin tukuna, ta ba ni satin nan. Ta ce to.

A bas ɗin da ke sauka Oxford Road na sake buɗe takardar, na bi sunayen marubutan. Na huɗu: Zayd Ma'aji. Na san sunan sama-sama, ɗan wasu 'yan Kano ne da su Mami suke hulɗa da su a Birmingham, yana yi wa wata cibiya ta ƙasar waje aiki daga gida. Amma ba a nan na fi saninsa ba. Na buɗe hotunan da Nazir ya taɓa turo min. Ga shi. Filin ƙwallon da suke bugawa ranar Lahadi, Nazir da jar riga, hannunsa a kafaɗar wani gajere mai gilashi. A ƙasa ya rubuta, "Ni da mutumina Zayd, mun ci uku."

Jama'a, har na wuce tashata ban sani ba.

Daga nan komai ya fara jeruwa a kaina. Wa ya haɗa wa su Abba sabuwar na'urar Wi-Fi da ƙaramar Sallah? Nazir. Wa ya ce in ba shi laptop ɗina ya gwada ko ta kama a saman bene? Nazir. Minti nawa ya yi da ita? Na shiga kicin na taya Mami juya miya, ban ƙirga ba. Wa ya tambaye ni, ba sau ɗaya ba, "Yaushe za ki saki na Barkono kowa ya gani?" Duk tambayoyin da suka sa na so shi, sai ga su sun dawo min da wata fuska.

Ina shiga flat wayata ta yi ƙara.

*Ranki ya daɗe, ya ofis? Barkono ya yi wani sabon abu?*

Na ƙura wa saƙon ido har fuskar wayar ta mutu.

Kaneng tana zaune a ƙasa da kayan aikinta shuɗaye, ta tsoma ƙafa a robar ruwan ɗumi. Na kwashe komai na gaya mata.

"Kai, Shifa," ta ce. "To ask him mana."

"In shi ne, zai ce min shi ne?"

"In kuma ba shi ba ne fa?"

"Shi ya sa ba zan tambaya ba. Gwada shi zan yi."

Ta girgiza kai. "Mutumin da magabatansa za su zo next month, ki sa masa trap kamar ɓera? Ni dai babu hannuna."

Na yi kamar ban ji ba. Na ɗauko wani tsohon spectrum na wani tauraro daban, wanda kowa ya sani tun shekara goma, na sa masa suna *Barkono 8*, na ajiye a ɓangarena na rumbu a kulle. Na sanar da Hannah, ta ce muddin ba zai fita fili ba. Na kunna saƙon gargaɗi, duk wanda ya taɓa shi wayata za ta yi ƙara. Sannan na rubuta wa Nazir:

*Alhamdulillah. An samo na takwas, ya fi duk sauran. Na saka a rumbu.*

*Masha Allah! Ina ma in gani.*

Ina ma ka gani. Na cije leɓe.

*Ka zo Manchester ranar Asabar mana, ƙarfe sha ɗaya. Kaneng za ta yi gwate.*

Lissafina shi ne: ɓarawon nan ɗan Asabar ne, kafin azahar. In Nazir yana zaune a gabana Asabar ta wuce babu wanda ya taɓa komai, to na san wanda aka hana aiki.

Kwana huɗun nan ban ji daɗinsu ba. Ya turo "barka da safiya," in ce me yake nufi. Ya yi jinkirin amsa, in ce yana waya da Zayd. Ranar Laraba Mami ta kira ni ta bidiyo, ta baza leshi uku a kan gadonta, ruwan zuma, ruwan ƙwai da wani kore mai duwatsu.

"Wanne za ki sa ranar sha huɗu? Telar nan ta Small Heath sai an ba ta sati uku."

"Mami, duk wanda kika zaɓa."

"Ke lafiyarki? Kin ga idonki kuwa? Ko kun yi faɗa ne?"

"Aiki ne."

"Aiki, aiki. Yaron nan ya yi haƙuri da ke, Shifa. Kin ce a ƙara miki shekara, ya ce ya ji. Kada ki ɓata min wannan, kin ji na gaya miki."

Daga bayanta na hango Abba ya wuce da kofin shayi, ya ɗaga min hannu, ya shige ɗakin karatunsa.

Ranar Asabar na sa abaya ruwan toka da mayafi baƙi, ko jan baki ban sa ba. Sha ɗaya saura biyar ya danna ƙararrawa. Shadda ruwan sararin samaniya, hula zanna, ƙamshin turarensa ya riga shi hawowa. Ya miƙo min leda, dambun nama ne daga gwaggonsa, da wani ƙaramin littafi na taswirar taurari da ya ce ya gani a shagon tsofaffin littattafai. Na karɓa na ce na gode, a raina ina cewa har da kayan rufe ido.

Ya zauna a doguwar kujera, ni a ta ɗaya kusa da taga. Kaneng ta kawo gwaten acca yana tururi, ta gaishe shi, ta harare ni, ta koma kicin ta bar ƙofa a buɗe. Ya kife wayarsa a kan tebur kamar yadda ya saba. Ni tawa tana cinyata.

"Kin rame," ya ce.

"Sanyi ne."

"Ba ni labarin na takwas ɗin."

Na ƙirƙiro masa ƙarya, yana gyaɗa kai yana murmushi, ni kuwa idona a kan agogon bango. Sha ɗaya da minti goma. Da sha biyar. Kowane minti da ya wuce shiru, sai in ji ina ma wayar ta yi ƙara, don shirun nan shi ne shaidar da nake nema, kuma ba na son in same ta.

Sha ɗaya da ashirin da biyu, wayata ta yi ƙara.

*An sauke Barkono 8.*

Na ɗago. Nazir yana riƙe da cokali a dama, kwano a hagu, yana hura gwate.

Da mai hankali ce ni, da a nan na yi shiru na gode wa Allah. Amma zargin da na kwana huɗu ina ciyarwa bai yarda ya mutu haka kawai ba. Bakina ya riga ni.

"Zayd ka ba password ɗin?"

"Na'am?"

"Abokinka Zayd Ma'aji. Shi ka sa ya shiga yau tunda kana nan?"

Ya ajiye kwanon a hankali. "Shifa, ban gane ba. Fara min daga farko."

Na fara. Takardar, ɗan ƙahon, Asabar biyar, laptop ɗina ranar Sallah, hoton filin ƙwallo. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na zo kan Barkono 8, na ga wani abu ya sauka daga fuskarsa.

"Kenan babu na takwas."

"Babu."

"Gwaten ma na aikin ne."

Daga kicin na ji Kaneng ta kashe famfo.

Ya miƙo hannu. "Ba ni in ga saƙon."

Na ba shi. Ya buɗe, ya gangara ƙasa inda aka rubuta wasu lambobi, adireshin intanet ɗin da aka shiga da shi. Ya ɗauki tasa wayar, ya buɗe manhajar da yake duba Wi-Fi ɗin gidanmu da ita, tun ranar da ya haɗa Mami ta ce ya riƙe don in ta lalace ya gyara daga nesa. Ya jera wayoyin biyu a kan tebur.

"Karanta."

Lambobin iri ɗaya ne.

"Daga gidanku ake shiga," ya ce. "Na'ura biyu ce a kunne yanzu. Wayar Mami, da kwamfutar ɗakin karatun Abba."

Sai a lokacin na tuna. Da azumi na je gida, na zauna a kwamfutar Abba na buɗe rumbu don in nuna masa Barkono. Ya kalli zanen kamar na minti ɗaya, ya ce, "To, madalla," ya fita alwala. Na ji haushi na tashi. Ban fita daga shafin ba, kuma da kwamfutar ta tambaya ko ta riƙe password, ina jin na danna e.

"Nazir..."

Ya miƙe, ya gyara hularsa. Ya leƙa kicin ya ce, "Sister Kaneng, na gode, gwate ya yi daɗi." Ya dawo ya ɗauki kwat ɗinsa.

"Zayd ƙwallo kawai muke bugawa. Ban ma san aikinku ɗaya ba sai yau, na ɗauka lissafi yake koyarwa." Ya tsaya a bakin ƙofa. "Jirgin ƙasa na sha biyu da rabi zan hau. In gida za ki, akwai na ƙarfe ɗaya."

Na ƙarfe ɗayan na hau. Daga Piccadilly har New Street ban san me na gani ta taga ba. Kada ku ɗauka zargin ya ƙare, wuri kawai ya canza. Abba? Me Abba zai yi da spectrum? Ko wani ne yake zuwa gidan ranar Asabar? Ko Mami ce take son a kore ni daga karatun in zauna in yi aure? Har wannan sai da na saƙa, Allah ya yafe min.

Mami ta buɗe ƙofa da zanin atamfa da suwaita a sama, hannunta duk gari.

"Ikon Allah! Ba waya ba komai? Ina Nazir ɗin, ba wajenki ya tafi ba?"

"Abba yana ciki?"

Na same shi ya idar da la'asar, yana zaune a kan darduma da farar jallabiya, gilashinsa a goshi. Na durƙusa na gaishe shi. A kan teburinsa, kusa da kwamfutar, akwai wani koren fayil, an rubuta *SHIFA* da irin rubutun likitocin nan. Na buɗe. Barkono ne, ɗaya zuwa bakwai, an buga a takarda, kowanne da 'yan rubuce-rubuce a gefe da jan biro. *Wannan tudun shi ne hydrogen. Kwana 112.* Na takwas yana sama, ko ninkewa bai yi ba.

"Kin kama ni," ya ce yana murmushi, irin na wanda aka tarar yana shan zaƙi a ɓoye.

"Abba, wa ya yi maka bayanin waɗannan?"

"Yaron nan na Alhaji Ma'aji, Zayd. Ai irin karatunku ɗaya."

"Tura masa kake yi?"

"Ta imel. Duk Asabar in na dawo daga tafiyar motsa jiki sai in duba ko kin sa sabo." Ya sauke gilashin. "Ranar da kika nuna min, Shifa, ban fahimci komai ba. Na ji kunya in ce wa 'yata ban gane ba. A masallaci ana tambayata me kike karantawa, sai in ce kimiyya. Ga mahaifiyarki tana cewa shekarar da kika nema ɓata lokaci ce. Na ce bari in san abin da zan tsaya a kai. Na tambayi yaron, ya ce in turo ya gani. Da ya gani ya ce, 'Baba, wannan babban aiki ne, ka ci gaba da turo min.' Ranar har sadaka na yi."

Na zauna daɓas a kan kafet.

"Abba, ka ga ɗan hoton kwaɗon da ke gefen kowanne?"

"Na gani."

"A kulle suke. Babu wanda ya kamata ya gani sai mu. Zayd ya sa su a takardarsa ya ce nasu ne. Jibi za a yanke ko za a cire ni."

Murmushin ya tafi. Ya dubi fayil ɗin, ya dube ni, ya sake duban fayil ɗin.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya rufe fayil ɗin. "Shekara talatin da ɗaya ina aiki, ban taɓa buɗe fayil ɗin mara lafiya a gaban wanda bai kamata ba. Sai na 'yata na ɗauka na miƙa."

Mami tana bakin ƙofa, ashe ta ji komai.

"To yanzu sai a yi a hankali," ta ce. "Alhaji Ma'aji amininmu ne, matarsa ce za ta yi mana girkin ranar sha huɗu. A kira yaron a gida a yi masa faɗa, a rufe maganar. Ke kuma ki ce wa malamar taku kuskure ne."

"Kuskuren wa, Zinatu?" in ji Abba.

"Alhaji, mutum nawa ne mu a garin nan? Kana so a ce..."

"A ce. Sunan wa ke rubuce a wurin da aka shiga? Nata. In an rufe, a kanta aka rufe." Ya dafa tebur ya miƙe. "Shifa, nuna min yadda ake buga imel a takarda. Duka, har amsoshinsa."

Ranar Litinin ƙarfe tara Abba yana Oxford Road da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa taro da jar dara, koren fayil a hammata. Na ce in shiga tare da shi, ya ce in jira. Ta gilashin ƙofa na ga mahaifina, wanda ƙananan likitoci suke miƙewa in ya shigo, yana tsaye a gaban Hannah yana nuna mata takarda ɗaya bayan ɗaya, sai da ta nuna masa kujera sau biyu. Minti ashirin suka yi. Da ya fito bai ce min komai ba sai, "Malamarki mutuniyar kirki ce. Ina ake samun shayi a nan?"

Hannah ta tura imel ɗin ga masu kula da rumbu da shugaban waccan ƙungiyar. Kwana huɗu aka janye takardar tasu. An mayar min da Barkono, an sa na canza password a gabanta, an kuma rubuta min gargaɗi a kan sakaci, wanda na cancanta. Yanzu muna rubuta tamu takardar da gudu. Zayd ya turo wa Abba dogon saƙo, rabi ban haƙuri rabi kare kai, Abba bai amsa ba. Matar Alhaji Ma'aji ta aiko cewa ba za ta samu damar girkin ba. Mami ta kwana biyu ba ta ɗaga wayata, a na uku ta turo hoton koren leshin ba tare da ta rubuta komai ba.

Nazir kuwa, shiru.

Na tura masa saƙo tun a jirgi: *Ka yi haƙuri.* Ya karanta. Washegari na tura mai tsawo. Ya karanta. Na kira sau biyu, ta yi ta ƙara har ta katse. Kaneng ta ce in bar shi ya huce, kuma ba ta ce "ai na gaya miki" ba, Allah ya saka mata. Kwana tara babu "ranki ya daɗe."

Yau da hantsi ina ofis, ina goge ɗan ƙahon nan daga spectrum na biyar, saƙonsa ya shigo.

*Kawu ya kira, yana tambaya ko su sayi tikitin ranar 14. Na ce masa zan ba shi amsa yau. Na ji abin da Abba ya yi, Allah ya ƙara masa girma. Na kuma karanta duk saƙonninki. Tambaya ɗaya gare ni. Da a ce ranar Abba bai shiga ba, wayarki ba ta yi ƙara ba, na ci gwate na tafi, sannan na rantse miki ba ni ba ne, da kin yarda?*

Na fita baranda da wayar. Na rubuta, *Haba, ai ka san da na yarda.* Na goge. Na rubuta, *Shaiɗan ne ya shiga tsakani.* Na goge. Na san amsar da za ta sa Kawu ya sayi tikiti, kalma ɗaya ce, kuma babu rumbun da zai taɓa nuna cewa ƙarya na yi. Na tuna fuskarsa lokacin da ya ce, "Kenan babu na takwas."

Na rubuta: *A'a. Da ban yarda ba. Ina jin kunyar hakan, amma ba zan sake yi maka ƙarya ba.*

Na tura. Alamar ta koma shuɗiya nan take. A saman fuskar wayar aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Ya sake tsayawa.

Sai wayar ta fara ƙara a hannuna, sunansa a kai.